Wai "burger" da "gate" me suke nufi a asali? Ku raba mu gardama

Ɗan_Gangare:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin Turanci na gidan nan ku zo ku raba mu da wata gardama, tun daren jiya abin ke damuna. Ranar Asabar na ɗauki yaran yayata su biyu na kai su wani wurin cin abinci can wajen Rayfield a nan Jos saboda babbar ta ci jarabawa, to da aka kawo takardar abinci sai yarinyar ta nuna hamburger, ni kuma na ce a'a ham ai naman alade ne wannan ko ɗan firamare ya sani, ta zaɓi wani abu. Yarinya ta tsaya kai da fata wai naman shanu ne a ciki, yaron da ke kawo abincin ma ya ce haka ne, ni dai ban yarda ba na saya musu shinkafa da kaza muka tashi, wlh har muka iso Gangare ba ta ƙara min magana ba.

Jiya a teburin mai shayinmu na ba da labarin sai wani abokina da ya yi Unijos ya dinga min dariya wai ham ɗin da ke jikin kalmar ba ruwansa da alade. Na ce to in haka ne me ya sa ake cewa beef burger da chicken burger, ai kenan burger shine burodin, abin da ke gabansa kuma shine naman da aka cusa. Ya yi shiru ya kasa bani amsa, sai cewa yake shi dai haka ya ji. Daga nan hira ta ɓalle, wani ya ce shi ma gate ɗin nan da jaridu ke liƙa wa duk wata badaƙala ya rasa gane wace ƙofa ake nufi, wani kuma ya kawo zancen thon, cook-a-thon, sing-a-thon, wai shi ma me yake nufi. Mun watse ba a ci ba a sha ba. Wa ke da gaskiya tsakanina da shi?

Malam_Nahawu:

Wa alaikumus salam. Ɗan Gangare ka je ka ba ɗiyarka haƙuri, ita ce da gaskiya, amma kai ma tunaninka ba na banza bane don kuskuren da ka yi shine ainihin kuskuren da Amurkawa suka yi har ya zama kalma.

Hamburg gari ne mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. A Jamusanci in za a ce mutum ko abu na wani gari ne sai a ƙara masa er a ƙarshe, kaman yadda mu muke sa ba a farko mu ce Bakano, Bakatsine, Bazazzagi. To Hamburger ma'anarsa ɗan Hamburg, shi kenan, kaman yadda matanmu ke ce wa atamfa Holan ko Ingila, ko a ce shadda 'yar Mali. A ƙarni na 19 Jamusawa da yawa sun yi ƙaura zuwa Amurka kuma da dama ta tashar Hamburg suka tashi, sai aka riƙa kiran niƙaƙƙen naman shanu da ake murzawa a soya da Hamburg steak, daga baya aka sa shi a tsakiyar burodi. Gaɓar kalmar tana tsakanin Hamburg da er, amma mai jin Turanci da ya kalle ta ham ya fara gani tunda shi ya sani, sai ya sa wuƙa a nan kaman mahaucin da ya sari ƙashi ba a gaɓa ba. Abin da ya rage a hannunsa burger, wanda a da ba sunan abinci bane sam, burg ɗin ma ganuwa ko birni yake nufi. Zuwa shekarun 1930 an riga ana cewa cheeseburger, daga nan kowa ya kawo nasa. Sai dai shawara, ka riƙa tambaya kafin ka ci, don wasu wuraren suna ɗora bacon a sama, wannan kam alade ne.

Gate ma haka aka yi masa. Watergate sunan wasu manyan gine-gine ne a bakin kogin Potomac a birnin Washinton, akwai otal da ofisoshi da gidajen haya. Ranar 17 ga Yuni 1972 aka kama mutum 5 sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat da ke ciki, bincike ya yi ta tafiya har ya taɓo fadar shugaban ƙasa, a watan Agusta 1974 Richard Nixon ya yi murabus, kuma har yau shi kaɗai ne shugaban Amurka da ya taɓa sauka da kansa. 'Yan jarida suka ga sunan ya shiga kunnen kowa sai suka yanke wutsiyar suna liƙa wa duk abin kunyar da ya taso, Irangate a 1986, Partygate a Ingila lokacin korona, mu ma nan ai kun tuna yadda jaridu suka yi ta buga Dasukigate a 2015. Babu wata ƙofa, babu ruwa, sunan gini ne kawai ya zama tambarin badaƙala.

Thon kuwa ya fi su tsufa. Marathon wani fili ne a Girka inda Girkawa suka gwabza da sojojin Farisa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma akwai labarin da ake bayarwa cewa wani ɗan aike ya sheƙa da gudu daga can har Atina ya kai albishir ɗin nasara ya faɗi ya mutu. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896 sai aka sa tseren dogon zango don tunawa da labarin, tsawon kilomita 42.195 ɗin da ake yi yanzu kuma daga gasar Landan ta 1908 ya samo asali. Sunan filin kansa daga wani ganye mai ƙamshi ne da ke fitowa a wurin, wato thon ba ya nufin daɗewa ko juriya ko komai. Amma yau in ka ji thon ka san wani zai yi abu har ya galabaita, shi ya sa da Hilda Baci ta yi girkin awa 93 da minti 11 a Legas a watan Mayu 2023 kowa ya gane me cook-a-thon ke nufi ba sai an fassara ba.

Maman_Ilham:

Kai Malam Allah ya ƙara basira, yau na ƙaru. Bari in ƙara muku ɗaya da ta shafe mu mata, ni kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a Bukuru kuma duk shekara sai na ba ɗalibaina wannan labarin saboda yadda suke buɗe baki. Kalmar alcohol fa daga kwalli ta fito, eh kwallin da muke rambaɗawa a ido. Da Larabci sunansa al-kuhl, masana haɗa magunguna na Turai suka ari kalmar suna kiran duk wani gari mai laushi sosai da ita, sannu a hankali ta koma nufin tatacciyar ainihin abu, wato abin da ya rage bayan an tace an sake tacewa, to da suka tace giya sai suka ce wannan shine alcohol ɗin giya, ƙarshe aka bar ambaton giyar kalmar ta tsaya ita kaɗai. Kun ga abin ado na sunna ya je Turai ya dawo mana da sunan abin maye, ikon Allah.

Kuma irin yankan da Malam ya faɗa an yi mata ita ma, alcoholic shine mashayi, gaɓarsa alcohol da ic, amma aka yanko holic aka ce workaholic ga wanda aiki ya zame masa jaraba, shopaholic ga mu da ba ma iya wuce shagon atamfa a Terminus ba mu leƙa ba lol. In ka bi diddigi holic ɗin nan rabin kwalli ne kawai.

Kalmomin Larabci a Turanci suna da yawa fa, sugar da sukarinmu uwarsu ɗaya sukkar, cotton daga qutn, coffee da gahawa duk qahwa ne, zero da cipher duk daga sifr wanda mu muke ce wa sifiri, magazine daga makhazin wato rumbunan ajiya shi ya sa har yau gidan harsashin bindiga ma sunansa kenan. Admiral babban hafsan sojan ruwa daga amir ne.

Sarkin_Gardama:

To ni duk wannan bayanin abin da ya nuna min shine Turanci ba yare bane kwashe-kwashe ne, an sato nan an sato can an haɗa gwanjo sannan a zo ana mana iyayi da shi ana cewa wane bai iya turanci ba. Mu Hausa ai ba ma irin wannan yankan kauna. Kuma Malam ka manta NEWS, ai North East West South ne aka haɗa saboda labari daga ko'ina yake zuwa, malaminmu na JSS ya koya mana. Haka salary daga gishiri don da gishiri ake biyan sojan Rum albashi. Boko ma ai book ne muka lanƙwasa.

Malam_Nahawu:

Sarki ranka ya daɗe, sunanka ya bi ka. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya amma ba a jere ba.

Na NEWS ƙirƙira ce, na san ana faɗa a aji, ni ma an faɗa min ina yaro. News jam'in new ne, wato sababbin abubuwa, kaman yadda Faransawa ke cewa nouvelles, kuma kalmar tana nan shekaru ɗaruruwa kafin a fara yayin ɗinka kalma da haruffan farko, wannan yayin sai ƙarni na 20 ya yi ƙarfi da irin su radar da laser. Duk tsohuwar kalmar da aka ce maka haruffan farko ne aka haɗa ka sa mata alamar tambaya. Salary kuma gaskiya ne salarium na Latin yana da dangantaka da sal wato gishiri, amma zancen ana auna wa soja gishiri a matsayin albashi babu wani tsohon rubutun Rumawa da ya faɗi haka, daga baya aka yi wa labarin kitso.

Boko shine wanda ya fi min ciwo don kalmarmu ce muke ba wa Bature kyauta. Farfesa Paul Newman ya yi rubutu a kai a 2013 ya nuna boko tsohuwar Hausa ce mai nufin abin bogi ko na yaudara, ku tuna amaryar boko da ake yi a biki, da biri boko. Kakanninmu raina karatun suka yi shi ya sa suka kira shi ilimin boko, kamar da ta yi da book dace ne kawai. In da book muka ara ai da buku za mu ce ko wani abu mai kama da haka.

Sannan batun mu ba ma yankan kauna, haba Sarki. Al ɗin Larabci ai harafin ta'arifi ne ba jikin kalma ba, amma muka haɗiye shi gaba ɗaya, alƙalami, albasa, alƙali, aljihu, allo, har littafi da labari l ɗin farkonsu ragowar al ne na al-kitab da al-khabar. Abin da Turawa suka yi wa al-kuhl shi muka yi wa al-basal. Su ma a cikin gida sun yi wa kansu, apron da a ce napron ne, a napron a napron sai kunne ya ji an apron n ɗin ya gudu, nickname kuma akasin haka, an ekename ne wato ƙarin suna sai n ya tsallako ya manne. Ba wanda ya zauna ya yanke shawara, kunne ne da baki.

Baba_Reluwe:

Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min don idona ba ya ganin ƙananan rubutun wayar nan, shi ya karanta min hirarku na ce sai na sa baki. Na yi aikin jirgin ƙasa har na yi ritaya, mahaifina kuma lebura ne a haƙar kuza, a Barikin Ladi aka haife ni.

Ita Terminus da 'yata ta ambata, yaran yanzu sun ɗauka sunan kasuwa ne, musamman waɗanda aka haifa bayan gobarar babbar kasuwa ta 2002. Terminus ƙarshen layin dogo ne, inda jirgi ke tsayawa ba gaba. Turawa sun fara shimfiɗo ƙaramin layi daga Zariya don kwasar kuza ya iso nan wajen 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso 1927, ƙaramin aka rufe shi 1957. Jirgi ya yi shiru suna ya zauna.

Bariki kuma barracks ne na soja, a wurinmu ya fara zama gidan saukar Bature da sansanin ma'aikata, daga nan ya koma duk inda aka taru ba dangin iya ba na baba, har ya zama in an ce wane ɗan bariki ne ba yabo bane, kuma muka ɗora masa namu gindin muka ce barikanci kaman yadda muka ce leburanci da telanci da likitanci. To ku gaya wa mai gardamar can mu ma muna da namu gate ɗin. Headman shugaban lebura muka ce helma, canteen inda Bature ke sayar da kaya muka ce kanti yanzu kowane shago kanti ne.

Kuɗi ma haka. Kwabo copper ne wato jan ƙarfen da aka yi shi da shi, sisi sixpence, nai ninepence, sule shilling, fam pound. Da aka kawo naira ranar 1 ga Janairu 1973 sule goma ne naira ɗaya, fam ɗaya naira biyu, mun daɗe muna lissafi da tsohon suna a kan sabon kuɗi, har yau ana cewa ba ni da ko sisi alhali mai faɗar bai taɓa ganin sisi ba. Dala kuma tun kafin mu san ta Amurka iyayenmu mata suna da dalar azurfa mai hoton wata sarauniya ana rataya ta a wuya. Malam ka fi ni sanin asalinta.

Malam_Nahawu:

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba, ai kai ne littafin. Waccan dalar ta sarauniya Maria Theresa ce ta Ostiriya, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwarta 1780 ake rubuta musu. Asalin sunan zai yi maka daɗi don garin haƙar ma'adinai ne kaman namu, wani kwari ne a ƙasar Cek ta yanzu da ake kira Joachimsthal inda aka samu azurfa, wajen 1520 aka fara buga kuɗi a can ana ce musu Joachimsthaler, sunan ya yi wa baki tsawo aka yanke ya koma thaler, ya zama daler, ya zama dollar. Thal kwari yake nufi, er ɗin kuma shine dai na Hamburger, wato dala ma'anarta 'yar kwari. Ba ruwanta da dutsen Dala na Kano kafin Sarki ya ce daga can aka sato.

Tunda Baba ya kawo zancen sufuri, bas da muke shiga ita ce ta fi bani dariya. Omnibus ne da Latin, ma'ana na kowa da kowa, haka aka kira manyan kekunan doki na haya a Faransa da Landan a ƙarshen shekarun 1820. Omni shine kowa, bus ɗin ɗan gindin nahawu ne kawai da ba ya tsayawa shi kaɗai, sai aka yar da mai ma'anar aka riƙe gindin. Kaman a ce an ɗauki makarantu an yar da makarant an bar u ana kiran wuri da shi.

Akwai kuma waɗanda ba yanka su aka yi ba juyewa suka yi. Nice wajen shekara ta 1300 wawa take nufi, daga nescius na Latin wato wanda bai sani ba. Silly kuma da can mai albarka ne, ya koma bawan Allah mara laifi, ya koma abin tausayi, ya ƙare a sakarai, kusan yadda mu ma in aka ce wane ai bawan Allah ne wani lokacin ba yabo ake ba. Villain mugun fim asalinsa manomin da ke aiki a villa wato gidan gona, masu kuɗin birni suka raina shi kaman yadda muke cewa baƙauye ko bagidaje har kalmar ta zama mugu, ita kuma villa ta haye sama har ta zama sunan fadar shugaban ƙasa a Abuja. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda na fi so in koya wa ɗalibai shine ly na quickly da friendly. A tsohon Turanci lic ne, ma'anarsa jiki, friendly kenan mai jikin aboki ko mai siffar aboki, aka yi ta faɗa har ya sude ya zama ɗan gindi. In na faɗa sai su ce abin mamaki, sai in ce to cikin ɗaki fa, ba ciki bane na tumbi? Bayan gida ba baya bane, bakin kogi ba baki bane, ni da kaina ba kai bane? Sai aji ya yi tsit.

Maman_Ilham:

Malam ka manta wood, mu da muke garin fim ga hukumar fina-finai ta ƙasa a nan Jos. Hollywood unguwa ce a Los Anjalis, aka yanko wood aka yi Bollywood da Nollywood da Kannywood tamu, ba daji ba katako. Kuma a Janairu 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29 har da Kannywood da okada da danfo, daga baya suya ma ta shiga. Okada kanta sunan kamfanin jirgin sama ne da ya ci sunan wani gari a Edo. Mu nan going muke ce wa 'yan okada, wato 'yan acaɓa, kafin a hana su a cikin gari, saboda haka suke tambayarka in sun tsaya, going? Wata ƙawata da ta zo daga Kano na ce mata mu hau going ta tsaya tana kallona wai going ina.

Sarkin_Gardama:

Na yarda da na NEWS da na albasa. Na boko ina nan a kan bakana sai na tambayi kakata zancen amaryar bokon nan.

Ɗan_Gangare:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Allah ya ƙara girma a gaida jikan naka mai rubutu. Malam na tura wa yayata bayaninka ta karanta wa yarinyar, yanzu haka ta aiko min saƙon murya wai bashi biyu take bina, na hamburger da na kunyar da na ba ta a gaban mai kawo abinci, kuma wai wannan karon da ƙawarta za a je. Abokin nawa kuma ba zan nuna masa wannan hirar ba sai ya biya kuɗin shayin jiya. Wanda ya san inda ake samun mai sauƙin kuɗi tsakanin Terminus da British America ya taimaka min kafin Asabar, wata ya yi nisa.